Mai Kawo Ruwan Zafi

Bokiti goma sha ɗaya, bene hawa huɗu,
kowace Talata kafin ƙararrawar coci ta buga tara.
Ni ce mai hawa da su.
Har yau kafaɗata ta dama ba ta yafe mini ba.

Madam Eudoxie takan shiga baho
kamar mai shiga zancen da ba ta so:
ƙafa ɗaya tukuna, ta ja tsaki, sannan sauran jiki.
Maigida Célestin yana can jikin taga,
burushi uku a hannu, ɗaya a baki,
ba ya cire shi sai zai ce, "Kada ki motsa."

Ruwa ba ya jiran mai zane.
Kafin ya gama gwiwa ɗaya ya huce,
tsikar jikinta ta tashi, leɓenta ya soma shuɗi,
sai ya ce, "Yawwa, launin da nake nema ke nan."
Ni kuwa in sauka in ɗora wata tukunyar.

Na san abin da bai zana ba.
Tabon ƙuna a ƙasan haƙarƙarinta.
Tarin da take haɗiyewa don kada ruwa ya girgiza,
da yadda take ƙirga tayil ɗin bango a zuci,
ta kai arba'in da bakwai, ta koma farko.
Wata rana ina naɗe ta da tawul ta riƙe hannuna,
ta ce, "Honorine, haske ya aura.
Ni kujerar da hasken ke zama ce kawai."

Shekara ashirin da shida ke nan.
Ita tana kwance a maƙabartar Saint-Ouen,
shi ban san inda ya ƙare ba.
Jiya ina dawowa kasuwa da albasa da rabin burodi
sai ga ta bayan gilashin wani kanti a bakin kogin Seine.
Bangon da na sha gogewa da soso ya zama lambu,
ruwan ya zama kore da ruwan hoda,
kafaɗarta kamar lemon da aka ɓare a hantsi.
Ba ta tari.
Wani mai doguwar hula yana nuna wa matarsa,
wai dubi natsuwar mace in tana ita kaɗai.

Ita kaɗai?

Na matsa har numfashina ya dusashe gilashin.
Can gefen hagu, inda ƙofa ta ɗan buɗe,
akwai ɗigon rawaya, bai kai faɗin yatsa ba.
Rigar aikina ce, wadda murhu ya ci daga baya.
Ko ya gan ni ne, ko rawaya kawai yake bukata a wajen,
babu sauran wanda zan tambaya.

Na tsaya har kwando ya yi mini nauyi.
Na so in yi fushi, wallahi na so.
Amma tururi nake gani yana tashi kan gwiwarta.
Ruwan da na hau da shi
har yanzu bai huce ba.