Sule Na Bakwai

Shida gare ni, a tsohon gwangwanin taba,
kowanne naɗe da ƙyallen atamfa.
Ba sarki ne ya sa a buga su ba, ba gwamna ba.
Nasamu maƙeri ne, can bayan Alabar,
da dare, in ya sallami masu awarwaro,
ya ce bari ya ga yadda kuɗi za su kasance
da shi aka tambaya.
Ba wanda ya tambaye shi.

Miskali guda guda, zinariya tsantsa.
Gaba, goro ne a tsage, da ganyensa biyu;
baya, ajami, sunan Kumasi,
sinun ya karkace don hannu ya gaji.
Ba su taɓa sayen ko gishiri ba.
Ba su san gumin tafin hannu ba,
ba su kwana a lalitar kowa ba.

Na farko a Kejetiya na same shi,
cikin tarkacen mai gyaran agogo.
Na huɗu ya cinye mini keken ɗinki,
Adiza ta yi wata guda ba ta kula ni.
Ta ce, kai da kuɗi kake sayen kuɗin
da ba ya sayen komai.
Ban musa ba. Da me zan musa?

An ce bakwai ya buga.
Shekara goma sha ɗaya ina cigiya,
har wani mai awo a Adum
ya nuna mini hanyar Aboabo da haɓarsa.

Na tarar da ita tana tsince shinkafa,
autar Nasamu, idonta ya yi hazo.
Na faɗi abin da ya kawo ni.
Dariya ta yi har tari ya sarƙe ta,
sannan ta ɗage gefen ɗankwali.
'Yan kunne ne, sirara, sun sha jiki.
Ta ce, shekarar da na haddace izu goma
ya jefa shi wuta da hannunsa.
Shi kaɗai ne a cikinsu ya yi aiki.

Na zo da farashi a bakina.
Na haɗiye shi da kokon da ta ba ni.

Yanzu in na jera su a kan tabarma
nakan bar gurbi a ƙarshen layi,
faɗin kunnen tsohuwa.