Yashi a Hannu

Shekara goma sha tara ina gini da alli.
Benaye na tayar a kan allo, a Bukuru,
ko ɗaya bai taɓa tsagewa ba.
Ƙararrawa na kaɗawa, yaro ya zo da tsumma
ya rushe su duka. Ba mai rauni, ba mai kuka.

Sai ga takarda daga ofis:
Malam Sallau, hutun bana ba naka ba ne,
za ka je sanin makamar aiki, mako shida,
wurin masu gina asibiti a hanyar Zawan.
Na karanta, na sake karantawa.
Ni? Da furfurar nan tawa?

Ran Litinin aka kifa mini hular kwano,
aka ba ni takalmin roba da ya fi ƙafata,
aka damƙa ni hannun Baba Chollom.
Ya juya tafin hannuna kamar mai taya kifi,
ya ce, "Malam, ko kanta ɗaya babu?"
Leburori suka kwashe da dariya.
Na yi tawa, ta yaƙe.

Ɗaya, biyu, huɗu, na faɗa masa,
siminti, yashi, tsakuwa, ruwa kaza,
haka yake a shafi na arba'in.
Ya damƙi yashin, ya matse, ya buɗe.
Curin ya zauna, bai watse ba.
"Ruwan daren jiya yana nan ciki.
Littafinka ya san an yi ruwa jiya?
Rage bokiti guda."

Na rage.
Da dare Asabe ta shafa mini man zafi a baya,
tana tambaya wa ya aike ni.

Mako na uku, muna haƙar harsashi,
jar ƙasa ta ƙare, wata ta fito, toka-toka.
Zane ya ce nan za a tsaya.
Baba ya ɗauko rodi ya soka,
rodin ya yi ta tafiya kamar cikin kunu.
"Ramin kuza ne aka cike," in ji shi.
"Uwata ta ɗauki kwano a nan, ina goye."

Aka kira injiniya.
Ta sauko daga mota, ta cire gilashi, ta rusuna.
Rifkatu! Ta layin baya, kusa da taga,
wadda na taɓa ba arba'in da biyu cikin ɗari.
Ba ta tuna mini ba. Ni ma na yi gum.
Ta ce, "Malam, taya ni sake lissafin nan,
gobe da safe nake so."

Ƙanƙara na dukan kwanon rumfar masu gadi,
muna zaune a kan buhunan siminti da tocila.
Lambobin da na saba da su ne,
na rubuta su sau dubu, ina hamma.
Amma daren nan hannuna ya yi rawa.
A saman wannan bakwai ɗin za a jera gadaje.
A saman wannan ɗigon wata za ta yi naƙuda.
In na yi kuskure, ba jan biro zai gyara ba.

Na duba sau uku. Ta duba sau biyu.
Baba ya leƙo, bai karanta komai ba,
ya tambaya kawai, "Ƙafa nawa za mu ƙara?"
Na ce biyar. Ya ce shi shida ya zata.
Aka haƙa shida.

Yau an koma makaranta.
Alli na shiga tsagar yatsana, yana zafi.
Yara sun buɗe shafi na arba'in, suna jira,
suna kallon bokitin da na ajiye a kan tebur.
Na ce su rufe littafin tukuna.

Nanret, taso.
Naɗe hannun riga.
Damƙi, ki matse, ki gaya mini
ko an yi ruwa jiya.