Ruwan Zafi a Gidan Babana, Fakenham

Na sanyin yana zuwa da ƙarfinsa,
yana dukan kwano har ya fantsamo min a riga.
Na zafin kuwa sai ka ce zare,
siriri, yana tsinkewa, yana sake ɗaurawa.
Kwana tara baba yana wanka da butar shayi
bai faɗa wa kowa ba.

Shekara arba'in da ɗaya Leonard Gotts
yana rarrafe a ƙarƙashin dakalan garin nan,
babu layin da bai san bututunsa ba.
Yanzu hannun ya ƙi shi,
cokali ma sai ya sha rawa kafin ya kai baki.
Na ajiye masa kujera a bakin kabad ɗin bene,
na ba shi tocila, ni na durƙusa.

"Hazel, kar ki fara da abin tsoro.
Fara da abin raini."

Na kwance kan shawa.
Ruwan Norfolk ta cikin alli yake ratsowa,
ya toshe rabin hujojin da farin ɓawo.
Muka jiƙa shi a ruwan tsami, muka jira,
muka mayar. Zaren nan dai.
Famfon kicin, haka. Na banɗakin ƙasa, haka.
"To ciwon ba a yatsa yake ba," in ji shi,
"tunda duk gidan ke ɗingishi."

Tankin yana tsaye, fari, rufe ruf,
ba shi da baki a sama, ba ya shan iska.
Abin da babban bututun titi ya turo masa
shi yake riƙewa, ya dafa, ya tura gaba.
Baba ya haska ɗan mazurarin da ke gefe.
"Jiƙe yake?" A bushe.
"Madalla. Wannan jan murfin, kar ki taɓa.
Mai takarda kaɗai ke taɓa shi,
tawa kuma ta mutu tun bara waccan."
Ya faɗa kamar labarin wani.

Na ƙwanƙwasa tulun iskar da ke rataye a bango,
ya amsa da muryar abin da ba ruwa a cikinsa.
Na duba hannayen bawul, ko wani ya karkace.
Duk a miƙe.
Hasken tocilar yana ta rawa a kan tagulla,
na yi kamar ban gani ba.

Sai ya yi shiru, ya tambayi taga:
"Yaushe suka haƙa titin nan?"
Mako biyu, ranar da Misis Thurlow
ta rasa inda za ta ajiye motarta.
Ya yi dariya ta hanci.

Na rufe ruwan gidan daga ƙarƙashin wurin wanke-wanke,
na buɗe famfo har ya daina nishi.
Tawul, bokiti, tsohon sifanansa
mai sunansa da aka ƙarta da ƙusa.
"A hankali. Zaren murfin ba ya yafiya."
Murfin ya cije, ya cije, ya saki.

Ga ta: 'yar rariya, ba ta fi kan babban yatsa ba,
cike da yashi da tsatsa da ɓarɓashin tsakuwa.
Duk wahalar kwana tara
ba ta cika cokalin shayi ba.

Na wanke ta da tsohon buroshin haƙori.
Ya ce in ba shi ya gani,
ya ɗaga ta sama, fitila ta ratsa kowane ido.
Ya daɗe kafin ya mayar min.

Da na buɗe ruwan, bututu suka yi tari,
suka tofa iska, suka yi gyaran murya,
sannan abin ya ɓalle, tururi ya rufe madubi.
Baba ya ɗora tafinsa a kan bututun zafi.
Muddin yana riƙe da shi
hannun bai motsa ba.

"Gobe ki kira ɗan gidan Howlett ya auna komai.
Ki ce masa ni na gano."

Na cika masa baho.
Yashin yana nan a murfin kwalba, a kan taga,
ya hana a zubar.