Cunkoso a Kan Gada

Ruwan yamma ya ritsa da mu a kan doguwar gada,
danfo gaba, danfo baya, tanka ta toshe hanya.
Ƙarƙashinmu ruwan Legas, baƙi kamar gindin tukunya,
masunta na tura kwalekwale zuwa Makoko.
Tsoho Byun na kujerar baya.
Bai ce uffan ba tun da muka baro Marina.

Shekara tara ina tuƙa shi
tsakanin gida da masana'antarsa ta gashin kanti.
Na san tarinsa, na san warin kabejinsa mai yaji,
na san ba ya fashin addu'ar asuba ko da zazzaɓi.
Turancinsa gurgu, nawa mai ɗingishi,
amma guragu biyu kan isa kasuwa in sun dafa juna.

Sai ya miƙo waya ta saman kafaɗata.
"Istifanus, dubi jikana, Dong-hwi."
Yaro siriri, gashi rinanne ruwan toka,
ido kamar wanda rabonsa da barci tun bara.

"Ni na riƙe shi ranar baftisma.
A ƙauyenmu, zamanin da shinkafa ke wuya,
uwata kan rage cokali guda daga rabon kowa
ta ƙulle a tsumma ta kai coci.
Mukan hau dutse cikin ƙanƙara
mu yi ta kiran Allah har murya ta dushe.
Yau shinkafa ta yi yawa, har zubarwa ake,
bencin coci kuwa furfura ce jere da furfura.
Yaron nan karatu har sha biyun dare,
daga nan kwalba, daga nan caca a waya.
Na ce, zo mu durƙusa.
Ya ce: Kaka, masu wa'azinku sun gina hasumiya,
sun bar wa 'ya'yansu bagade gado kamar gona.
Me zan je nema?
Ban ba shi amsa ba, Istifanus.
Har yau ina lalube."

Na gyara madubi don kada in ga idonsa.
Mai sayar da soyayyar ayaba ya ƙwanƙwasa gilashi,
na girgiza kai, ya wuce cikin ruwa.

Ban gaya masa ba
cewa a ɗakina na haya a Agege
Godiya tawa na kwana da waya a ƙarƙashin zane
tana kallon samarin ƙasarsa masu santsin fuska.
Ta iya gaisuwarsu, ta iya ban-kwanansu,
amma waƙar da uwarta ke ja a zumuntar mata,
wadda muka taho da ita daga Malumfashi a baka,
baiti ɗaya ya gagare ta.
Ran Lahadi sai ciwon kai.
Da na matsa ta ce: Baba, fasto ya sake mota,
mu kuma mai gida ya sake yi mana kashedi.
Na ɗaga hannu, na sauke.
Wa zan mara, ita ko gaskiyar?

Ashe 'yata na leƙen aljanna ta tagar Seoul,
jikansa na cikinta yana neman ƙofar fita.

Tsoho ya rufe ido, leɓɓansa na motsi.
Ban san kalma ɗaya ba sai sunan yaron,
yana dawowa kamar digon ruwa daga indararo.
Na ɗora goshi a kan sitiyari
na sa nawa sunan kusa da nasa, da Hausa:
Ya Uba, ga Godiya.
In laifinmu ne, fara da mu.

Hon ya tashi a baya, direban danfo na zagin uwata.
Gaba ta buɗe taku goma.
Na saki birki.
Tsoho ya ce, "Amin," ko tari ya yi, ban tantance ba.
Har yanzu ba mu kai rabin gadar ba.