Alli Kwali Biyu

Ran Talata, bayan an kaɗa ƙararrawar tashi,
na ajiye takardar barin aiki a teburin darakta.
Ya karanta sau biyu, ya cire tabarau.
"Keziya, shekara sha ɗaya kina lakwal ɗin nan,
albashi bai taɓa tsallake ki ba.
Wa ya kira ki Tawa?"
Na ce, Yesu.
Muryar ta fito ƴar ƙarama,
irin ta ɗalibar da ba ta yi aikin gida ba.

Ba mafarki na yi ba.
Ƙanena ne, Irmiya, da zazzaɓi ya toshe wa kunne
yana ɗan shekara huɗu.
Ya girma a ƙofar gidanmu a Garkawa
yana bin leɓɓan mutane da ido
kamar mai leƙen biki ta tsagar ƙyaure.
Ya rasu bai san sunansa na da haruffa ba.
Shekara ashirin ina roƙo a aiko wani.
Wata Lahadi a majami'a, ana tsakar waƙa,
na duba hagu, na duba dama,
sai na ji kunya.

Hutu uku na yi ina koyon maganar hannu
har yatsuna suka daina in'ina.

Motar asuba daga Yamai.
Allo ɗaya, alli kwali biyu,
jika tamanin ƙulle a haɓar zane.
A Doso tsoro ya hau, ya zauna kusa da ni,
ko kuɗin mota bai biya ba.
Ya fi ni iya lissafi:
haya, gero, magani, wata huɗu, sai kuma me?
A Dogon Dutsi ya ce, in ba wanda ya zo fa?
A Ƙwanni ya ce, za a ce kin zo raba yara da addinin iyaye.
Daga Badagishiri ya yi shiru,
cikina kawai ya murɗe.

Ubangiji, ban ce ka sauke shi ba.
Na ce ka riƙe ni in wuce tashar gaba.

Na tuna masuncin da ya zura ƙafa daga jirgi cikin dare.
Nutsewarsa muke yawan faɗi.
Sauran sun isa gaɓa da busassun riguna,
amma ba su san abin da tafin ƙafarsa ya sani ba.
Tawa ba teku, tsakuwa ce da jan dutse,
duk da haka ƙasar ta yi mini lilo da na sauka.

Fasto Barnaba ya ba ni rumfar bayan majami'a.
Litinin, benci huɗu da akuya guda.
Talata ma akuyar.
Laraba na share allon da ban rubuta wa komai ba,
na yi kuka a bayansa.

Alhamis Cima mai cuku ta tsaya daga nesa
riƙe da wuyan hannun ɗanta.
"Nawa ne?"
Ko dala.
"Karatu kawai?"
Karatu. Addu'ata kuwa ba na ɓoye ta, ba na kuma ɗora wa kowa.
Ta aje tire, ta zauna tana gadi.

Na rubuta ILLA.
Na nuna allon, na nuna ƙirjinsa.
Na sake. Na sake.
Sai ya fashe da dariya,
irin dariyar wanda ba ya jin kansa,
ba ya rage mata ƙarfi don kowa.
Akuyar ta zabura.

Yau wata uku.
Yara biyar ne, ɗaya ta daina zuwa, ban san dalili ba.
Jika sha ɗaya ta saura a haɓar zane.
Tsoro na nan, bencin baya ya kama,
ba ya fashin ko rana ɗaya.
Ban sani ba ko za mu kai kaka.

Yesu, hadari ya fara haɗuwa ta gabas
kuma rumfar nan tana yoyo.
Gobe da bakwai zan buɗe.