Gardama a Bur Sudan

Gishirin teku ya kashe maɓalli uku a fiyanon makaranta.
Ba mu da 'yan goge,
Malama Ummulhairi ke rera nasu da baki.

Siddiƙu ya dage: mafi wuya
shi ne mai zubar ƙanƙara,
wanda yatsu goma ba sa isa
sai ka ari na maƙwabci.
Wata bakwai yana kokawa da shafi huɗu.

Ni na ɗauki mai tafiyar hawainiya,
ɗigo kaɗan, fili fetal.
Ya yi dariya har da ƙyaƙyatawa.

Ranar gwaji ya wuce fuu,
kuskure tara, ba wanda ya ji.

Nawa ɗaya ne tak.
Har mai shayin bakin ƙofa
sai da ta ɗago kai.