Sikelin Nomau

Ranar Lahadi, kasuwar Mora,
na rataya sikelina a reshen darbejiya,
ina sayen ƙarfen da ya gaji da aiki:
gindin tukunya, sarƙar keke, kan fartanya.

Umate ya sauko daga dutse da buhu a kafaɗa,
ya zazzage a gabana.
Kwanson harsashi ne.
Wasu sun yi kore kamar gansakuka,
wasu na sheƙi, warin albarushi bai sake su ba.
Ya ce, "Korayen a kunyar gero na tono su,
masu sheƙin a bayan makaranta na tsinta, wayewar garin Talata.
Raba musu kuɗi, Nomau, ai tsoho ya fi daraja."
Na ce, sikeli ba ya tambayar shekaru.
Tagulla tagulla ce.

Na faɗa da baki, amma hannuna ya tsaya kan guda.
Na goge gindinsa da yawu, lambobi suka fito.

Kakana Barau, ɗan dako daga Garwa,
shi ya hau dutsen nan da akwatin irinsu a ka,
Bajamushe a gaba, bulala a baya.
Shekara ɗaya da rabi suna can sama,
Ingilishi sun tare nan, Faransawa sun tare can,
igwa na tari da asuba kamar tsoho mai fuka.
Suka cinye dawakai, suka cinye raƙuma,
ya ce har fatar sirdi sun jiƙa sun tauna.
Ina yaro na tambaye shi, Kaka, faɗan mene ne?
Ya ce, "Wai wani ɗan sarki aka harbe a Turai,
a garin da harshena bai iya sunansa ba.
Ni dai akwati aka ba ni."

Ran da aka gama, in ji shi,
Turawan suka sara wa juna, suka sha hannu.
Shi ya sauko da yatsun ƙafa tara,
kuma inda gammo ya zauna
gashi bai ƙara tsiro ba har ya koma ga Allah.

Masu sheƙin ba sai an ba ni labari ba.
Ina nan ranar da kasuwa ta tashi ba lokacinta ba.
Ƙara ɗaya, sai shiru,
sai takalma warwatse babu ƙafafu.
Ƙanwata Asabe tana sayar da gyaɗa a bakin tasha.
Farantinta na gane,
ya nannaɗe kamar ganyen kabewa a rana.
Duk ƙarfen garin nan ya hau sikelina
ban da shi.

An ce wadda ta shigo da abin ba ta kai sha biyu ba.
Na zage ta shekara uku cur.
Wani dare ina kwance sai muryar Kaka ta dawo,
na tashi zaune:
ita ma kaya aka ɗora mata.
Ban yafe ba. Zagin dai na daina.

Yanzu motocin sulke na wucewa ta hanyar Kolofata,
akwatuna a bayansu, da rubutun ƙetare,
irin baƙaƙen da na goge da yawu.
Maƙerarsu na can nesa inda ba a jin ƙara,
mu ne ke tsintar ɓawo.

Na haɗa kore da mai sheƙi a faranti ɗaya,
allura ta yi rawa ta tsaya:
kilo uku da rabi.
Jibi za su tafi Marwa wurin Mato maƙeri,
ya narka su, Bajamushen da na daren Litinin,
su fito munduwa, su fito ƙararrawar akuya.

Na ƙirga wa Umate sefarsa.
Ya sake ƙirgawa, ya yi tsaki,
ya ce gishiri zai saya da batirin rediyo.
Ya naɗe buhun, ya cusa a hammata.
Ya ce, "Kada ka tashi da wuri Lahadi mai zuwa,
akwai saura."